Zafin da Ke Tsakanin Gidaje: Yadda Kwamfuta Ke Auna Unguwa Tun Kafin a Gina Ta

Gabatarwa

A ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024, ma'aunin zafi ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, babban birnin ƙasar, asibitin Gabriel Touré ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗun farko na watan, alhali kuwa mutum 130 ne suka rasu a asibitin cikin watan Afrilun shekarar da ta gabata baki ɗayansa. Zafin ya faɗo cikin azumin Ramadan, ga ɗaukewar wutar lantarki, kuma da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne.

Lambar da masu hasashen yanayi ke faɗa a rediyo ana samo ta ne daga ma'aunin da aka ajiye cikin wani farin akwati mai ƙofofin shan iska, a fili, mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, inda rana ba ta taɓa shi. Mai tura baro a kan kwalta da tsakar rana, da ɗalibin da ke komawa gida tsakanin dogayen bangaye na siminti, suna shan zafin da ya zarce wannan lamba nesa ba kusa ba. A gari guda, a sa'a guda, wani lungu yakan yi daɗin zama, wani titi kuwa ya zama kamar bakin tanda. Fasalin ginin unguwar ne ke kawo bambancin: tsayin gidaje, da faɗin hanya, da inda ta fuskanta, da abin da aka shimfiɗa a ƙasa.

A yau masana na iya gina unguwa a cikin kwamfuta, su fito mata da rana, su sako mata iska, su ga inda zafi zai taru tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Wannan maƙala ta duba yadda ake yin haka, da abin da aka gano, da kuma iyakar abin da ya kamata a yarda da shi daga bakin na'urar.

Jikin ɗan Adam da zafi

Kafin a je ga gine-gine, ya kyautu a fara da wanda ake ginawa dominsa. Jikin mutum yana riƙe zafinsa na ciki a wajen digiri 37, fata kuwa a tsakanin digiri 33 da 35. Ko mutum na zaune, jikinsa na samar da zafi kimanin wat 100, wato kwatankwacin ƙwan lantarki irin na da. Idan yana tafiya da sauri zafin yakan ninka wajen sau uku. Dole wannan zafi ya fita, in ba haka ba ya taru.

Muddin iska ta fi fata sanyi, takan kwashe zafin ta tafi da shi. Amma da zarar zafin iskar ya wuce na fata, sai al'amarin ya juya, iskar ta koma ƙara wa jiki zafi. A nan hanya guda ta rage, ita ce gumi. Kowane giram ɗaya na gumin da ya bushe a kan fata yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400. Leburan da ya fitar da lita guda cikin awa ɗaya, idan ta bushe duka a jikinsa, ya kawar da zafi fiye da wat 600. Sai dai gumi ba ya bushewa da sauri sai da motsin iska, kuma wanda ya ɗiga ƙasa ya tafi a banza. Idan jiki ya kasa, zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya sukan shiga haɗari.

Akwai kuma huci, irin wanda mai zama kusa da murhu ke ji a fuskarsa ko da iskar ɗakin na da sanyi. Wanda ke tsaye a titi yana karɓar huci daga rana, da kwalta, da bango, da jikin motoci. Saboda haka abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su zama zafin da mutum ke ji: zafin iska, da huci, da gudun iska, da danshinta. Masana a Jamus sun haɗa su cikin awo guda da aka sani da haruffan PET, wanda Peter Höppe ya bayyana a shekarar 1999. Awon yana faɗar zafin ɗakin da zai wahalar da jiki daidai da yadda wurin da mutum ke tsaye ke wahalar da shi.

Inda zafin gari ke fitowa

Da tsakar rana idan sama ta yi garau, kowane murabba'in mita na ƙasa yakan karɓi hasken rana da ya kai kimanin wat 1,000. Sabuwar kwalta ba ta mayar da abin da ya wuce kashi biyar cikin ɗari na hasken, sauran ta shanye. Farin fenti kuwa yakan mayar da kashi 70 zuwa 80. Shi ya sa fuskar kwalta kan haura digiri 60 a ranar da iska ke digiri 40.

Zafin da aka shanye yana da mafita huɗu. Wani yakan ratsa cikin bango ko ƙasa ya kwanta. Wani iska ta kwashe shi. Wani ya fita a matsayin huci, ya faɗa kan bangon da ke fuskantarsa ko ya wuce sama. Wani kuma ya tafi wajen busar da ruwa, idan akwai danshi ko ganye. A daji mai ciyayi mafita ta huɗu takan ɗauki kaso babba. A gari kuwa an rufe ƙasa da kankare, sai zafin ya kwanta cikin bangaye da rana, ya riƙa fitowa sannu a hankali cikin dare.

Wani Baturen Ingila mai suna Luke Howard, wanda shi ne ya raɗa wa gizagizai sunayen da masana ke amfani da su, ya auna wannan a Landan, ya fara buga sakamakonsa a shekarar 1818. Ya gano cewa da dare birnin ya fi karkarar da ke kewaye da shi ɗumi da kimanin digiri biyu. Masana na kiran wannan yanayi tsibirin zafi, domin a kan taswira birnin kan fito kamar tsibiri mai zafi a tsakiyar ƙasa mai sanyi-sanyi.

Iska a kwazazzabon titi

Titi mai gidaje jere dama da hagu yana kama da kwazazzabo, kuma haka masana ke kiransa. Lamba mafi muhimmanci a nan ita ce tsayin bango idan aka raba shi da faɗin hanya. Titi mai faɗin mita 20 da gidaje masu tsayin mita 10 lambarsa rabi ce. Lungu mai faɗin mita biyu da bango mai tsayin mita shida lambarsa uku ce.

Tim Oke na Jami'ar British Columbia a Kanada ya bayyana a shekarar 1988 yadda iska ke yi idan ta bugo titi a gicciye. Idan lambar ba ta kai kimanin 0.3 ba, iska takan tsallake gini, ta sauko ƙasa, ta koma tafiyarta kafin ta isa gini na gaba. Idan gine-ginen suka ƙara matsowa, hargitsin da na farko ya tayar yakan cim ma na biyu. Da lambar ta wuce kimanin 0.7 kuwa, sai iskar ta riƙa shafar rufin gidaje ta wuce, a bar wata 'yar iska mai rauni tana juyi a cikin titin kamar ruwa a cikin kwarya.

Ga inda matsalar take. Ƙunƙuntar hanya tana ba da inuwa, amma tana hana iska shiga, kuma tana rufe sararin saman da bangaye za su saki hucinsu da dare. Faffaɗar hanya tana shan iska, tana hucewa da wuri bayan faɗuwar rana, amma da rana babu mafaka a cikinta. Wanne ya fi? Amsar ta danganta da gari, da wata, da sa'a, kuma abubuwan sun sarƙe da juna fiye da yadda za a warware su da alƙalami. Dalilin da ya sa aka koma ga kwamfuta ke nan.

Yadda ake gina unguwa a cikin kwamfuta

Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana motsin iska da ruwa tsofaffi ne. Claude-Louis Navier na Faransa ya rubuta su a shekarar 1822, George Stokes ya kammala su a 1845. Abin da suke faɗa yana da sauƙin fahimta: iska ba ta ɓata, duk wadda ta shiga wuri sai ta fita ko ta taru, kuma ba ta sake gudu ko alƙibla sai wani abu ya tura ta ko ya riƙe ta. Akan ƙara musu ƙa'ida ta uku, cewa zafi ma ba ya ɓata, sai dai ya sauya wuri. Wahalar ita ce babu hanyar warware su kai tsaye ga wuri mai kusurwoyi da lunguna kamar unguwa.

Dabarar da aka samo ita ce a yayyanka sararin zuwa ƙananan akwatuna, a yi lissafin abin da ke shiga kowane akwati da abin da ke fita daga cikinsa zuwa maƙwabtansa shida. Lewis Fry Richardson na Ingila ya gwada haka da hannu a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya buga littafinsa a 1922. Hasashen yanayi na awa shida ya ci masa kimanin mako shida, har ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 kafin a riƙa cim ma yanayin duniya. Sai a shekarar 1950 wata kwamfuta mai suna ENIAC a Amurka ta yi irin wannan aiki. A farkon shekarun 1970 Brian Spalding da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan suka tsara hanyoyin da injiniyoyi ke bi har yau, kuma a 1981 kamfaninsa ya fitar da manhajar PHOENICS kasuwa. Wannan fanni an san shi da haruffan CFD. Daga cikin manhajojinsa akwai Fluent, da OpenFOAM wadda aka saki kyauta ga kowa a 2004, da ENVI-met wadda Michael Bruse ya fara rubutawa a Jami'ar Bochum ta Jamus a shekarun 1990 musamman domin yanayin unguwanni.

Aikin yana bin matakai. Da farko akan zana gidaje da tituna da itatuwa bisa awonsu na gaskiya. Sa'an nan a kewaye su da babban akwatin iska. Ƙa'idojin da masana na Turai suka fitar a 2007 da na Japan a 2008 sun ba da shawarar a bar tazarar da ta ninka tsayin gini mafi tsawo sau biyar ta gaba da gefe da sama, ta baya kuwa wajen sau 15, domin kada bangon akwatin ya matse iskar ya ɓata sakamako.

Mataki na biyu shi ne yanka. A ɗauki unguwa mai tsawon mita 300, faɗi 300, da sararin sama na mita 100. Idan kowane akwati mita biyu ne ta ko'ina, za a sami akwatuna 1,125,000. Idan aka rage su zuwa mita ɗaya domin a ga lunguna sosai, adadin ya zama miliyan tara, wato ya ninka sau takwas. A cikin kowannensu kwamfuta na neman gudun iska ta fuska uku, da matsinta, da zafinta, da danshinta.

Na uku, a gaya wa manhajar halin kowane abu: yawan hasken da yake mayarwa, da saurin ratsawar zafi a cikinsa, da yawan zafin da yake iya ajiyewa. A gaya mata matsayin garin a doron duniya da ranar wata, domin ta san inda rana take a kowace sa'a, da inda kowace inuwa za ta faɗa. A kuma ba ta yanayin da ke shigowa daga waje, wato gudun iska da alƙiblarta da zafinta.

Daga nan kwamfuta ta fara da cinta. Ta lissafa zafin kowane bango daga hasken da ya same shi, ta miƙa wa iskar da ke jikinsa. Iskar da ta yi zafi ta yi sauƙi ta tashi sama, wata ta maye gurbinta, wannan kuma ya sake zafin bangon. Haka za ta yi ta maimaitawa sau dubbai har lissafin ya daidaita, sa'an nan ta matsa agogo gaba kaɗan ta sake. Kwaikwayon yini guda yakan ci awanni da yawa ko kwanaki. A ƙarshe takan fito da taswira mai launuka, ja inda zafi ya taru, shuɗi inda ke da sauƙi, da kibau masu nuna hanyar iska.

Gwajin Gardaya

Gardaya gari ne a kwarin Mzab cikin Saharar Aljeriya, kimanin kilomita 600 kudu da birnin Aljas. Tsofaffin garuruwan kwarin, waɗanda aka fara kafawa a ƙarni na 11, suna da ƙunƙuntun lunguna masu lanƙwasa, kuma hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1982. Fazia Ali-Toudert da Helmut Mayer na Jami'ar Freiburg ta Jamus sun ɗauki yanayin wannan gari a tsakiyar lokacin zafinsa suka sa shi cikin ENVI-met, suka buga sakamakonsu a 2006. Sun gina tituna masu lamba rabi, da ɗaya, da biyu, da huɗu, suka riƙa juya kowanne: gabas zuwa yamma, kudu zuwa arewa, da tsakankaninsu. A zahiri ba wanda zai iya juya titi ya sake aunawa a rana guda. A kwamfuta kuwa aikin 'yan mintoci ne.

Sun gano cewa zafin iskar kansa bai sauya ba sai da 'yan digiri kaɗan tsakanin titi mafi faɗi da mafi ƙunci. Awon PET ne ya sauya ƙwarai, kuma huci ne ya juya shi. Faffaɗan titin da ya miƙe gabas zuwa yamma shi ne mafi muni, domin rana tana bin tsawonsa tun hantsi har la'asar. Titin da ya miƙe kudu zuwa arewa, mai lamba biyu ko fiye, yana samun inuwar bangon gabas da safe da ta bangon yamma da yamma, rana ba ta sauka cikinsa sai ɗan lokaci da tsaka. A aikin da suka biyo da shi a 2007 sun ƙara rumfunan gaban shaguna da benaye masu leƙowa da itatuwa, suka ga kowannensu yana rage wahalar mai tafiya gwargwadon inuwar da ya bayar.

Awon zahiri ya goyi bayan haka. Erik Johansson na Jami'ar Lund ta Suwidin ya auna hanyoyi biyu a birnin Fas na Maroko, ɗaya zurfaffen lungu a tsohon gari mai lamba kusan goma, ɗaya faffaɗan titi a sabuwar unguwa mai lamba 0.6. A lokacin zafi lungun ya fi titin sanyi da rana da matsakaicin digiri shida, har zuwa goma a ranakun da suka fi tsanani. Da dare kuwa faffaɗan titin ne ya fi sanyi, kuma a lokacin hunturu lungun ya zama wurin ɗari saboda rashin rana.

Itace, farin fenti da na'urar sanyi

Manhaja irin ENVI-met tana ɗaukar itace a matsayin abu mai rai. Ganye na da ƙananan ƙofofi da yake buɗewa domin shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, kuma ta nan ruwa ke fita. Itacen da ya fitar da lita 100 a yini ya kawar da zafin da ya yi daidai da wutar da ƙwai 100 masu wat 60 za su sha cikin awa 11. Amma idan ƙasa ta bushe, ganye yakan rufe ƙofofinsa domin tattalin ruwa, sai inuwa kaɗai ta rage. Haka kuma itatuwa masu duhuwa a ƙunƙuntar hanya sukan tare iska su riƙe hayaƙin motoci a ƙasa. Wurin da aka dasa itace, da irinsa, suna da muhimmanci kamar yawansa.

Farin launi ma yana da nasa sharaɗi. A kan rufi yana mayar da haske sama, kowa ya huta. A kan titi kuwa mai tafiya ne ke tare hasken. Ariane Middel ta Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinta sun auna titunan da aka shafa wa fenti mai haske a Los Angeles, suka ba da rahoto a 2020 cewa fuskar titin ta yi sanyi da digiri huɗu zuwa shida, amma hucin da ke faɗa wa mutum da tsakar rana ya ƙaru da kimanin digiri huɗu. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Landan a 2013, inda lanƙwasasshen bangon gilashi na wani dogon bene a titin Fenchurch ya tattara hasken rana wuri guda har ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye, sai da aka sanya wa benen abin tare rana.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa kwashe zafin ɗaki take yi ta zuba a titi, haɗe da zafin wutar da ta sha. Kwaikwayon da aka yi wa unguwannin ofisoshi na Tokiyo, wanda aka buga a 2007, ya nuna tana ƙara wa iskar waje digiri ɗaya zuwa biyu a ranakun aiki. Wanda ba shi da halin sayen na'urar shi ke shan wannan ƙarin.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Taswira mai launuka tana da ɗaukar ido, kuma nan haɗarinta yake. Hasashen Richardson ya nuna matsin iska zai hau da miliba 145 cikin awa shida, alhali a zahiri kusan bai motsa ba. Daga baya aka gane hanyarsa daidai take, awon da ya fara da shi ne bai daidaita ba. Har yau haka abin yake: wanda ya ba manhaja gurguwar lamba, gurguwar amsa zai karɓa, kuma za ta zo masa cikin launi mai kyau.

Babbar wahala ita ce hargitsin iska. Iska na juyi manya da ƙanana, daga mai girman bene zuwa wanda bai kai ƙwayar gero ba, kuma babu kwamfutar da za ta bi su duka a faɗin unguwa. Yawancin ayyuka sukan lissafa matsakaicin motsin ne, su ƙiyasta tasirin juyin da wata ƙa'ida. Wannan hanya tana da sauri, amma an san takan yi kuskure a bayan gine-gine, inda iska ta fi rikicewa. Akwai hanyar da ke bin manyan juyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi dacewa da zahiri, sai dai tana cin lokacin kwamfuta ninkin ba ninki.

Don haka ƙa'idar aikin ita ce a fara kwaikwayon wurin da ke akwai, a kwatanta da awon da aka yi a cikinsa, ko da na ƙaramin samfuri a bututun gwajin iska. Sai sun yi kusa da juna ake yarda a tambayi manhajar game da abin da ba a gina ba tukuna. Ko a nan ta fi ƙwarewa wajen faɗar wanne ya fi tsakanin zane biyu, bisa faɗar ainihin digirin da za a samu. Da wannan taka-tsantsan ne hukumomi suka karɓe ta. Hong Kong ta shigo da binciken shan iska ga manyan ayyukan gwamnati a 2006, bayan annobar SARS ta 2003. Hukumar tsohon birnin Landan ta fitar da ƙa'idojin iska ga dogayen gine-gine a 2019, da na zafi da sanyin tituna a 2020. Singafo kuwa ta yi amfani da irin wannan kwaikwayo wajen tsara sabon garin Tengah.

Abin lura ga ƙasar Hausa

Garuruwa irin su Sakkwato da Kano da Maiduguri da Damagaram sukan haura digiri 40 a bazara, kuma unguwanninsu na ta faɗaɗa. Lungunan cikin birnin Kano da na tsohon garin Agadas, da kaurin bangon tubali mai jinkirta shigar zafi, da tsakar gida mai buɗaɗɗen sama inda ake kwana a bazara, duk amsa ce ga tambayar da aka yi wa kwamfuta a Gardaya: lungu domin inuwar rana, fili domin sanyin dare.

Amma ba za a kwafo sakamakon Gardaya yadda yake ba. Gardaya na kan digiri 32 arewa da tsakiyar duniya, rana ba ta taɓa tsayawa daidai bisa kanta ba. Kano na kan digiri 12, kuma rana takan tsaya cak a kanta sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. A tsakiyar bazara ke nan bango ba ya ba da wata inuwa da tsakar rana, sai rumfa ko itace. Iska ma biyu ce, ta hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas da ta damina mai danshi daga kudu maso yamma, kuma titin da ya buɗe wa ɗaya ya buɗe wa ɗayar. Itatuwa su ma sun bambanta: kuka tana tsirara a rani, darbejiya na riƙe ganyenta, gawo kuwa da rani yake yin ganye ya zubar da damina. Duk wannan sai an shigar da shi cikin manhaja, tare da halin jar ƙasa da yashi da kwanon rufi, kuma ba a samunsa sai ta hanyar awo a wurin.

A nan makarantu ke da rawar takawa. Ɗalibai na iya auna tsayin bango da faɗin hanyoyin da ke kewaye da makarantarsu su fitar da lambar kowace. Idan aka huda ƙwallon tebur, aka shafa masa baƙin fenti, aka cusa kan ma'aunin zafi a ciki, an sami abin auna huci irin wanda masu bincike kansu ke amfani da shi. A rataye shi mita ɗaya daga ƙasa, a kan kwalta, da kan yashi, da ƙarƙashin darbejiya, da ƙarfe tara da sha biyu da uku, a ba shi minti goma ya zauna kafin a karanta, a kwatanta da wani ma'aunin da ke inuwa. Zare mai sauƙi a kan sanda zai nuna alƙiblar iska. Littafin da aka cika da irin wannan awo har shekara guda, shi ne ainihin abin da mai kwaikwayon kwamfuta ke buƙata domin tantance aikinsa.

Kammalawa

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gida yakan tsufa a rushe shi a sake wani, amma titi da zarar an shata shi yakan daɗe ɗaruruwan shekaru a inda yake, da faɗinsa da alƙiblarsa. Filayen da ake yankawa yau a gefen garuruwa su ne unguwannin da jikoki za su yi bazararsu a ciki, cikin duniyar da ke ƙara ɗumi. Kwaikwayon kwamfuta, idan aka tantance shi da awon zahiri, yana ba mai tsara gari damar gwada zane goma a kan allo ya zaɓi wanda zai fi sauƙaƙa wa mai tafiya a ƙasa. Aikin na buƙatar masu lissafi, da masana gini, da masana halittar tsirrai da jikin ɗan Adam, kuma waɗanda za su yi wa garuruwan Sahel wannan aiki suna zaune yanzu a azuzuwan sakandare.